Malam Afuwan da Jar Alamar Auta

Aikina tura gado ne a asibiti. In za a kai mara lafiya ɗaukar hoto, ni ne. In tiyata ce, ni ne. In kuma rai ya yi halinsa, ni ne dai nake ja masa mayafi in gangara da shi. Na daɗe ina yi, gwiwoyina sun shaida. Babu irin alkawarin da ban ji ba a wannan aiki: yanzu likita zai zo, yanzu za a kawo jini, gobe za a gyara lif. Shi ya sa na daina sauraron bakin mutum. Ƙafarsa nake kallo, in ga ko ta motsa.

Mutumin da zan ba da labarinsa, shekara da shekaru muna gilma juna a matakala ban ɗauke shi a bakin komai ba. Malam Afuwan muke ce masa. Siriri ne, gajere, kullum rigarsa a goge har wuyanta ya koɗe. Ba ya buɗe baki sai ya fara da "afuwan". Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Wata mai shara ta rantse mana cewa ta ga ƙofa ta buge shi a goshi, ya ce mata afuwan.

Ɗakin aikinsa yana ƙasan ginin, kusa da inda injin wuta yake ruri. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama, ba ka ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa. Kantoci ne har rufi cike da fayil, ga warin tsohuwar takarda, ga fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. Duk wanda ya bar asibitin, ko gida ya tafi ko lahira, fayil ɗinsa sai ya bi ta teburin Malam Afuwan. Shi zai karanta abin da likita ya rubuta, ya mai da kowace cuta harafi da lambobi, ya shigar a kwamfuta. Zazzaɓi da lambarsa, karaya da tata, maye ma da tasa. Bai san fuskar ko ɗaya daga cikin masu fayil ɗin ba. Ni a zatona lissafi ne kawai ake yi wa na sama, su san mutum nawa suka kwanta. Ban san lambar tana bin mutum har kan gado ba.

Autata tana da sikila. Budurwa ce, tana koyon ɗinki, bakinta ya fi jikinta ƙarfi. Direban gado take ce mini. Wanda bai taɓa ganin ciwon sikila ya tashi ba, kada ya ce ya san ciwo. Sanyi kaɗan, ko ruwan sama ya taɓa ta, ko gajiya, sai ka ga ta dunƙule kamar ana dakan ƙasusuwanta daga ciki. A irin wannan lokacin ba abin da ke kwantar da ita sai wata allura mai ƙarfi, wadda ake kullewa a akwatin ƙarfe a ɗakin gaggawa, mabuɗin a aljihun babbar nas. Tun tana ƙarama haka muke yi. Mu kawo ta, a yi mata allurar, a sa mata ruwa, ta kwana biyu, mu koma.

Wani karo da aka sallame ta, aka haɗa mata da ƙwayoyin rage ciwo masu ƙarfi. Mamarta ce take ajiye su, ita take ba ta da hannunta, daidai yadda aka rubuta. Wata safiya aka tashe ta, ta ƙi tashi. Leɓenta ya yi duhu, numfashinta sai ka jira ka jira kafin ya zo. Na saɓa ta a kafaɗa na yi asibiti da ita. Likitar da muka tarar ita ce muke kira Likita Tsawa. Doguwa ce, ba ta dariya, muryarta tana kaiwa ƙarshen baranda, nas-nas suna jin takunta suke gyara tsayuwa. Amma ta iya aiki. Ta ɗaga fatar idon Auta, ta nemi wata allura, ta yi mata. Ba a jima ba yarinya ta farka, ta yi amai, ta ce wa ya cire mata ɗankwali. Likita ta rage mata ƙarfin ƙwayoyin, aka sallame mu. Muka gode Allah, muka ɗauka ya wuce.

Bayan wasu makonni ruwa ya dake ta a hanyar dawowa daga shagon ɗinki. Washegari da rana muna ɗakin gaggawa. Nas ɗin da ke kan tebur yarinya ce da ta san ni, kullum da raha muke gaisawa. Ta buga lambar katin Auta a kwamfuta, ina tsaye ina kallon fuskarta. Sai na ga fuskar ta sauya. Ta ɗan karkatar da kwamfutar daga gabana.

"Baba, bari a fara sa mata ruwa."

"Allurar fa?"

"Sai babban likita ya sa hannu."

"Da ai ba a jiransa."

"Yanzu sai an jira shi, Baba. Yana tiyata."

Aka ba ta farasitamol. Wanda ya san sikila ya san wannan da babu duk ɗaya ne. Auta ta ciji filo, ta yi ihu, ta kira mamarta, ta kira ni, ta kira Allah. Rana ta bar taga ta koma bango, babban likita bai fito ba. Ina riƙe da hannunta na ji wata murya a bayan labule tana cewa, "Irinsu ne. Sun saba da abin, sai su zo su cika wa mutane kunne." Auta ta ji. Na san ta ji, domin nan take ta daina ihu. Ta juya fuskarta bango, jikinta yana karkarwa, ko tari ba ta sake yi ba. Wannan shirun ya fi ihun ba ni tsoro. Kafin a zo a sa hannu, azaba ta hana ta jan numfashi da kyau, ciwon ya sauka a ƙirji. Kwanaki ta yi da robar iska a hanci, ni kuma ina tura gadon wasu ina leƙen nata.

Ranar da muka koma gida ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, ko mutuwa zan yi, a ɗakin nan zan yi ta. Ba zan koma a ce mini 'yar ƙwaya ba."

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In na ga hadari ya haɗu, sai in kira gida in ce kada ta fita. In wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aiki, sai in ɗauka labarin Auta ne. Na koma kallon tafiyar Auta, ko tana ɗingishi. In ta yi shiru in tsorata, in ta cika dariya in ƙara tsorata, don na san za ta iya rufe ciwo da dariya. Mamarta takan fake da gyaran mayafi ta taɓa mata ƙafa, ta ji ko da zafi. Ciwon da aka kawo da wuri ana shawo kansa. Wanda aka ɓoye, ni nake gangarawa da masu shi, na sani.

Mai ba da magani ne ya faɗa mini gaskiya, muna tsaye a bayan ɗakinsa. Ya ce, "Jar alama ce a kan sunanta. Duk wanda aka shigar masa da lambar shaye-shaye, kwamfuta da kanta take manna masa, kuma ba a buɗe masa akwatin sai da sa hannun babban likita. Ni ba zan iya cirewa ba. Daga ƙasa take fitowa."

Na gangara ƙasa. Na tarar da Malam Afuwan ya duƙa a kan wani fayil, yana bin layi da rula. Da ya ga fuskata sai ya miƙe, kujerar ta faɗi.

"Afuwan, Baban Auta. Lafiya?"

"Kai ka rubuta 'yata 'yar ƙwaya ce?"

Ya nemo fayil ɗin. Ya buɗe shafin ranar da ta ƙi farkawa, ya nuna mini layi ɗaya na rubutun Likita Tsawa. Ya ce abin da ta rubuta shi ne maye daga maganin ciwo mai ƙarfi. Ba ta ƙara komai ba.

"Afuwan, a jiki maye ɗaya ne, amma a wajenmu kashi-kashi ne. Akwai wanda ya sha daidai yadda aka rubuta masa, maganin ya fi ƙarfinsa. Akwai wanda ya kuskure ya ƙara. Akwai mai neman halaka kansa. Akwai kuma wanda ya mai da shi abin sha. Kowanne da lambarsa. Likita ba ta faɗi wanne ne ba."

"Sai ka zaɓa mata na ƙarshe."

"Yawancin masu zuwa da irin wannan rubutun, afuwan, samari ne da ake tsintowa a bakin titi. Sai na ɗauka..."

"Ka tambaye ta?"

Ya ce a'a. Ashe dokar aikinsu ke nan: in rubutun likita bai fito fili ba, mai sa lamba ya ɗauki fayil ya hau sama ya tambaya. Ba ya zato, ba ya cike gurbi da kansa. Shi ya faɗa mini haka da bakinsa, kansa a ƙasa.

"To me ya hana ka hawa?"

A hankali ya ce, "Likita Tsawa ce."

Wallahi na so in shaƙe shi. Na tambaye shi yadda ake gyarawa. Ya ce sai ita likitar ta ƙara bayani da hannunta a cikin fayil, ta sa hannu. Sannan shugabansu ya buɗe lissafin watan, wanda an riga an rufe, shi kuma ya sauya lambar, a rubuta a sunansa cewa ya yi kuskure. Ya ce zai duba, in Allah ya yarda. Na ce masa na ji irinta, na fita.

Na gwada da kaina. Na tare Likita Tsawa a baranda tana sauri. Ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce, "Fayil ya zo mini ta hanyarsa. Ba na gyara rubutu a tsaye a kan hanya." Ban ga laifinta ba. Ni kuma ba ni da ikon taɓa fayil ɗin ɗiyata. Ma'aikacin da aka kama da fayil ɗin ɗan'uwansa, korarsa ake yi. Hanya ɗaya ce, kuma ta teburin matsoracin nan ta bi.

Ranar hutuna na je har gidansa. Ɗaki ciki da falo ne yake haya a ƙarshen wani lungu, bayan garejin makanikai. A falon akwai tsohon firij da matarsa take sayar da ƙanƙara, da kujeru biyu da aka lulluɓe da zane, da littattafan makarantar 'ya'yansu mata a jere a kan taga. Matar ce ta amsa sallama. Kakkaura ce, mai faɗin gaskiya.

"Malam yana nan?"

"Ya ce in ce maka ya fita. Yana bayan labulen can. Zauna, Baban Auta, ka sha ruwa."

Ta zauna tana ɗaure ledar ƙanƙara, ta ba ni labarinsa yana ji. Ta ce mahaifinsa magatakarda ne, mai zafin hannu. In yaro ya yi kuskure a rubutu, sai ya sa shi ya miƙa yatsun ya doke su da rula, kuma in ya yi tambaya a ƙara masa. Haka ya tashi, gara ya kwana bai gane ba da ya buɗe baki. Da ya fara aiki a asibitin, buga takardu yake yi, sannan aka koya masa sa lamba. Teburi ɗaya suke da wani amininsa, tare suke cin abinci. Wata rana aka kawo wani direba da ya yi hatsari a buge, 'yan'uwansa suka yi ta roƙo, aminin ya tausaya ya sauya lambar don a ɓoye mayen. Magana ta kai kotu. 'Yan sanda suka sauko har ɗakin fayil, suka fita da aminin da ankwa a gaban kowa. Hularsa ta faɗi a matakala, Malam ne ya ɗauka ya kai wa matarsa.

"Tun daga ranar," in ji ta, "abin da ya shiga kwamfutar nan ba ya taɓa shi, ko da wuƙa a wuyansa. Likita kuwa, in ya hango farar riga sai ya sauya hanya. Ni ma ranar da aka kawo ni gidan nan, haƙuri ya fara ba ni, har yau ban san na mene ne ba. Ga fansho ya kusa, ga yara a makaranta. Amma tun da ka sauko masa, abinci sai ya juya cokali ya ture."

Na ce, "Rashin cin abincinsa ba zai hana 'yata ciwo ba."

Ta ce, "Na faɗa masa haka. Kana ji, baban yara? Ga wani ma ya faɗa."

Daga bayan labule muka ji, "Afuwan."

Bayan wannan na fara ganinsa a sama, inda ban taɓa ganinsa ba. Zai hau da fayil ɗin Auta a hammata, ya tsaya a farkon barandar ofishin likitoci, ya yi kamar yana karanta sanarwar da ke bango. In ƙofa ta motsa, ya juya ya gangara. Wata rana ya kai har bakin ƙofarta, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Sai aka ji muryarta daga ciki tana yi wa wani faɗa a waya. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko a hankali, ya shige aljihu. Ina tsaye da gado ba kowa a kai, ina kallonsa. Ya wuce ta gabana gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ruwan sama kuma kullum sai ya sauka.

Ranar da nake tsoro ta zo da tsakar rana. Mamar Auta ta kira ni tana kuka. Ta ce ashe yarinyar tun jiya take fama, ta ɓoye. Ta same ta a bayan keken ɗinki, a ƙasa, ta cusa ƙyalle a baki don kada a ji ta. Maƙwabta suka taimaka aka sako ta a mota. Da kaina na ɗora ta a gadon da nake turawa. Idonta ya yi ja, numfashinta guntu-guntu. Ta riƙe rigata ta ce, "Baba, don Allah mu koma gida."

Nas ta buga lambar. Alamar tana nan. Ta ce manyan likitoci duk suna taron mako a sama, ta aika, an ce a jira su fito. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta da yadda za ta yi, in ta buɗe akwatin aikinta ne zai tafi.

Ban san lokacin da na gangara ƙasa ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin fayil. Ban zagi Malam Afuwan ba, ban roƙe shi ba, ƙarfin hakan ma babu. Na ce, "Tana sama."

Ya dube ni. Leɓensa ya yi fari. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko fayil ɗin, ya bi ta gefena ya fita. Na bi shi. A matakala yana riƙe ƙarfen gefe yana jan jikinsa kamar mai hawa dutse, takalminsa yana zamewa. Na ɗauka a baranda zai tsaya wajen sanarwar nan. Ya wuce ta. Ɗakin taron yana ƙarshe, ƙofa mai gilashi, ko babbar nas ba ta shiga in an fara. Bai ƙwanƙwasa ba. Ina jin da ya tsaya ƙwanƙwasawa da ya gudu. Ya tura kawai ya shiga, ya bar ƙofar a buɗe.

Dogon tebur ne, fararen riguna a jere, wani yana bayani a gaban allo. Duk suka juyo. Likita Tsawa ta ce, "Kai kuma wane ne? Wa ya ce ka shigo?" Gilashin taga sai da ya amsa. Wani ya ce a kira mai gadi. Malam Afuwan ya taka har inda take, ya ajiye fayil ɗin a kan takardunta, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layin.

"Afuwan, ranki ya daɗe. Wanne ne?"

"Wanne ne me?"

"Mayen. Ta sha daidai ne, ko... ko shaye-shaye ne? Tana ƙasa yanzu. An hana ta allura."

Ta jawo fayil ɗin, ta duba sunan, ta juya shafi. Ta ce, "Yarinyar mai sikila? Ƙodarta ce ta yi rauni, ba ta tace maganin ba. Shi ya sa na rage mata. Wane shaye-shaye?"

"Ba a rubuta ba, ranki ya daɗe. Ni kuma na sa mata lambar shaye-shaye."

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin."

"Me ya sa ba ka zo ka tambaye ni ba?"

Ya ce, "Tsoronki nake ji."

Wani a ƙarshen tebur ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Likita Tsawa ta dube shi. Ta zare biro daga aljihu, ta rubuta layi biyu a ƙasan na farko, ta sa hannu, ta tura masa fayil ɗin. Sannan ta miƙe, ta bi ta gabana kamar iska, ta gangara.

Kafin in isa ɗakin gaggawa an buɗe akwatin. Ita da kanta ta yi allurar, a hankali, tana kallon ƙirjin Auta, tana faɗa wa nas yawan da ya dace da ƙodarta. Na tsaya a ƙafar gado. Na ga yatsun Auta da suka dunƙule suna saki ɗaya bayan ɗaya. Ta saki rigar mamarta. Numfashin ya fara tsawo. Ban yarda ba tukuna, na ci gaba da kallon ƙirjin yana hawa yana sauka, har na zauna a ƙasa.

Da na fito neman ruwa, na tarar da Malam Afuwan a lungun matakala, ya yi amai a kwandon shara, yana goge baki da hankici. Fayil ɗin yana rungume a ƙirjinsa. Ya ce saura shugaba. Na ce ya huta tukuna. Ya ce in ya huta ba zai iya ba. Ya gangara.

Shugabansu ya buɗe masa watan, ya tsaya a kansa har ya sauya lambar, sannan ya ba shi takardar gargaɗi. An ce za a duba maganarsa kafin fansho, har yanzu ba a ce komai ba, kuma kullum da wannan yake kwana yake tashi. Bai zama jarumi ba. Yana nan yadda yake, in mota ta yi ƙaho a waje sai ya zabura. Abin da ya ƙaru shi ne, ya koma baya ya zaƙulo duk fayil ɗin maye da ya cike gurbinsu da zato, ya tara su a gefen tebur. Ba kaɗan ba ne, kuma kowanne kuskure ne da za a rubuta a sunansa. Yakan ɗauki ɗaya ya hau. Wata rana ya kai ƙofa, wata rana ya dawo daga baranda. In aikina ya bi ta can, nakan tsaya da gado a bayansa. Ya ce hakan yana taimaka masa.

Auta ta yi kwanaki a kwance, ciwon bai kai ƙirji ba. Na faɗa mata an cire alamar. Ta ce, "Kai ka gani da idonka, direban gado?" Na ce mai ba da magani ya nuna mini. Ta taɓe baki. Ban ga laifinta ba, ni ma zuciyata ba ta gama yarda ba.

Sanyi ya shigo bayan damina. Wata safiya ina ɗaure takalmi zan fita, ta fito daga ɗaki tana bin bango. Ta tsaya a gabana. Sannan ta ce, "Baba, gwiwata ta fara. Bai yi tsanani ba tukuna."

Muka tafi. Wata nas ce a kan tebur, baƙuwa, ba ta san ni ba. Na miƙa mata katin. Auta tana kan kujera mai taya, ta sunkuyar da kai, ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Nas ta buga lambar. Na kafa wa fuskarta ido. Ta karanta, ta ɗago, ta dubi Auta.

"Sannu, ƙanwata. Tun yaushe ya fara? Baba, kwantar da ita a gadon can."

Ta juya ta kira babbar nas, ta ce a kawo mabuɗi.